Kujerar Sama'ilu Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu ciwo, da sallamawa ga abin da Allah ya hukunta, Mala Bunu na ƙauyen Tsamiya Biyu, can tsakanin Ɗanbatta da Makoda, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk mai bi ta ƙofar gidansa zuwa gona cewa ɗaya daga cikin kujerunsa biyu na katako ta rasu. Ta rasu ranar Laraba bayan la'asar, a gindin darbejiyar da ta yi rayuwarta duka, bayan doguwar jinyar da ba ta taɓa nunawa a fuska ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin a rubuta kalmomin nan sai da Mala ya tambayi liman ko ya halatta a faɗe su a kan itace. Liman ya ce duk abin da bawa ya rasa har ya ji zafinsa, ya faɗa. To, Mala ya ji zafinsa.

Ba wadda Mala yake zama a kai ba ce ta rasu, wannan tana nan da ranta. Ta hannun dama ce, mai kallon hanya, wadda kowa a garin ya sani da kujerar Sama'ilu, duk da kuwa Sama'ilu bai saye ta ba, ba a ba shi ita ba, bai kuma taɓa ɗaukar tsumma ya goge ta ba.

An haifi marigayiyar a Ɗanbatta, a rumfar wani kafinta da shi ma ya daɗe da kwanta dama, mahaifin Badaru da ke riƙe da rumfar a yanzu. Daga jikin wani maɗaci da iskar damina ta kayar aka fitar da su, ita da 'yar'uwarta, tagwaye. Ba a rubuta ranar ba. Abin da Mala yake iya tunawa, shekarar ce gyaɗa ta yi albarkar da har aka rasa buhun zuba ta, gemunsa kuma ko furfura ɗaya babu. Ya ɗauro su a amalanke ya sauke a ƙofar gida. Matarsa Falta, Allah ya jiƙanta, ta leƙo daga zaure ta ce, "Kai ɗaya, kujera biyu?"

"Ɗaya ta baƙo ce," in ji Mala.

Baƙon bai bari an kwana ba. Sama'ilu ne, Bafulatanin da gonarsa ke jingine da ta Mala, jerin gamba kawai ya raba su. Yana dawowa daga shayar da shanunsa ya ja ya tsaya, ya dogara sanda, ya dubi kujerun, ya dubi mai su.

"Yau ga abin mamaki, Babarbare a kan kujera. Matsa, bawana, in ɗana."

Kakan Mala daga Barno ya zo, wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani kuwa, inda kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, gado suka tarar. Sama'ilu ya zauna. Marigayiyar ta ce ƙiii, kalmarta ta farko a duniya.

"Ka ji ko? Ta gane maigidanta," in ji Sama'ilu.

Daga ranar ta zama tasa.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai riƙon amana, ba ta da yawan magana. Idan Sama'ilu ya zauna, ƙiii. Idan gardama ta yi zafi ya turo ƙirji gaba zai kafa hujja a kan ko a yi binne, a shuka tun ƙasa a bushe, ko a jira ruwa ya sauka sosai, sai ta ce ƙyas-ƙyas. Idan ya ci gardamar, ko ya yanke wa kansa cewa ya ci, ya jingina ya miƙe ƙafafu, sai ta saki wani dogon gurnani daga can ƙasa, gurrr. Mala ya tsani gurnanin nan shekara da shekaru. Yau da za a ce ya ba da gonarsa ta fadama a sake jiyar da shi, sai ya tsaya ya yi tunani. Ta ji sirrin gidaje biyu, ba ta kai wa kowa ba. Ta sha zubin fura da jan goro, akuya ta hau ta, yara sun mai da ita mota, ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Ba ta taɓa yaga rigar mutum da ƙusa ba, ba ta taɓa ba kuɗin cizo masauki ba, shaidar da ba kowane benci na tasha za a yi wa ba.

A nasa ɓangaren, Mala bai ci amanarta ba, kuma yana so a san haka. Kujerar waje ba kujerar ɗaki ba ce, maƙiyanta sun fi masoyanta yawa. Da sassafe kafin ya saɓi fartanya sai ya bi su duka biyun da tsumma mai ɗan danshi, ya ɗebe kashin kurciya da 'ya'yan darbejiya tun rana ba ta gasa su a jikin katako ba. Ba ya kwara musu ruwa kamar masu wankin jaki. Idan damina ta ja baya sai ya wanke su da soso da ɗan sabulun salo, ya shanya a inuwa, don rana tsattsaga katako take yi. Su bushe, ya bi su da samfefa a hankali, yana bin yadda jijiyar itacen ta kwanta, sannan ya shafe su da man darbejiyar da Falta ke matse masa, har maɗacin ya yi ja kamar bayan doki. Ƙafafun kuwa baƙin mai yake shafa musu saboda gara, ya ɗora kowace a kan tsingaro don kada ta taɓa ƙasa. Da ya hangi hadari ya haɗo daga gabas, ko tuwo ne a hannunsa sai ya ajiye ya kwashe su zuwa zaure.

Sama'ilu yana zaune a tabarma yana kallo, yana jiran a gama a ba shi abarsa.

"Bawana, da za ka wanke kanka kamar yadda kake wanke kujerar nan, da an fara ba Barebari aure a garin nan."

"Ka ga Bafulatanin da ya san wanka? Ku da sai saniya ta lashe ku."

Haka aka yi ta yi. Gero ya fito, gero ya nuna, aka yanke, aka sake shukawa. 'Ya'yan Mala suka girma suka watse, Abdulkabir ya bi neman abinci har Fatakwal, Kaltum aure ya kai ta Makoda. Sai kuma Falta ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Babban aikin da marigayiyar ta yi a rayuwarta, wanda Mala yake roƙon kada a manta mata shi, shi ne na watannin da suka biyo bayan wannan. An tashi daga zaman makoki, kowa ya koma sha'aninsa, gidan ya yi wa Mala faɗi. Kullum bayan la'asar Sama'ilu zai zo ya zauna, ba wasa, ba gardama, ba ma gaisuwar kirki. Mala yana kallon ƙasa, shi yana kallon hanya. Can an jima kujerar za ta ce ƙiii, ya gyara zama ke nan. Da wannan ƙarar kawai Mala yake sanin akwai mutum a gefensa, kuma ta ishe shi har magariba.

Rashin lafiyar marigayiyar ya samo asali ne daga rashin lafiyar mai zama a kanta. Mantuwa ce ta kama Sama'ilu. Da fari dariya ake yi: ya zo neman sandar da ke hannunsa, ya tambayi Mala labarin da shi ne ya ba shi jiya. Daga baya ya koma fita da safe yana kiran shanun da aka daɗe da sayarwa, kowace da sunanta. Ranar da ya tafi gona bai gane hanyar gida ba, sai a bakin titin Makoda wani mai babur ya tsince shi, dariya ta ƙare. 'Yarsa Tahira, wadda ke aure a Bacirawa a bakin Kano, ta zo ta ce ba za ta iya barci ba in yana nan, tafiya za ta yi da shi.

Ranar tafiyar an yi ruwa da safe, ƙasa a jiƙe. Mota tana jira a bakin hanya, Sama'ilu ya ce sai ya zauna tukun. Ya zauna, ya daɗe. Da zai tashi ya dafa hannun kujerar ya ture ta, ta zame daga kan tsingaron, ƙafafunta suka nutse a taɓo, ta ɗan karkace tana fuskantar ta Mala. A ranar hankalinsa yana jikinsa.

"Ajiye min ita, bawana. Kada ka bar wani Babarbare ya hau min."

Da wasa ya faɗa. Mala ya ɗauke ta wasiyya.

Daga nan bai ƙara ɗaga ta daga inda Sama'ilu ya bar ta ba. Tasa yakan shigar zaure in hadari ya taso, wannan kuwa sai ya lulluɓe ta da buhunan taki, ya danne da duwatsu. Guga dai bai fasa ba, sai ma ƙaruwa da ta yi: da safe, da yamma, wani lokacin har da tsakar rana in kurciya ta yi rashin kunya. Ba ta taɓa yin kyau irin na shekarun nan ba. Mai wucewa a babur yakan waiwayo ya sake kallonta.

Kuma bai bar kowa ya zauna ba. Mai unguwa ya zo gaishe shi, ya tattare riga zai sauka a kanta, Mala ya ce, "Ranka ya daɗe, da mai ita." Liman ya zo, aka shimfiɗa masa tabarma. Tsofaffin da suka rage, waɗanda gwiwa ba ta barinsu zaman ƙasa, suka riƙa gaisawa a tsaye, daga baya suka koma ɗaga hannu daga hanya. Samari dama suna can bakin shagon cajin waya a kan kujerun roba. Larai, matar ɗan ƙaninsa, wadda ke kawo masa abinci, ta gaji ta ce, "Baba, ka kori mutane kaf saboda katako. Wa za ka riƙa yi wa magana?"

"Ai zai dawo," in ji Mala. Ya ci gaba da gugarsa.

Sau ɗaya ya je Bacirawa. Ya tarar da Sama'ilu a falo, a kan kushin mai laushi, fanka tana juyawa a sama, an sa masa farar riga mai guga. Ya rame, amma tsaf da shi. Mala ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara murya, ya shirya amsar da zai mayar in an kira shi bawa. Sama'ilu ya ɗago, ya yi murmushi, ya miƙo hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Daga ina?"

Mala ya sha zagi iri-iri a bakin mutumin nan, babu wanda ya taɓa yi masa ciwo. Ladabin nan ne ya shige shi har ƙashi. Ya zauna ya sha ruwa, ya amsa gaisuwar da aka yi ta maimaita masa, ya yi sallama. A cikin mota, an matse shi tsakanin buhun albasa da wata mai goyo, ya yanke wa kansa hukunci: laifin gidan ne. Wa zai gane abokinsa a ɗakin da ba ƙanshin ƙasa, ba kukan kurciya, a kan kujerar da ba ta magana? A kawo shi gindin darbejiya, ya zauna a mazauninsa, ya ji ƙiii, a ga in bai waiwayo ya ce "bawana" ba. Da wannan Mala ya rayu. Kujerar ta tashi daga abin ajiya ta koma magani, shi kaɗai ya rage masa.

A daminar bara aka fara ganin alamun ciwon. Wani siririn layin jar ƙasa ya hau ƙafar baya. Mala ya kankare, washegari ya dawo. Ya zuba toka, ya zuba baƙin mai, ya dawo ta ɗaya ƙafar. Da abin ya ƙi, ya aika a kira Badaru kafinta, wanda ya san gidansu marigayiyar tun daga tushe. Badaru ya zo a babur, ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa ƙafar da bayan yatsa. Maimakon ƙwas-ƙwas na lafiyayyen maɗaci, sai ta amsa da fuf-fuf. Ya zagaya ya ƙwanƙwasa sauran. Sannan ya ɗago.

"Baba, gara ta gama da ita. Ta ƙasa ta shiga. Ka bar ta a taɓo, ka kuma rufe ta da buhu, danshi ya samu wurin kwana. Cikin nan babu komai, fatar kawai kake shafa wa mai."

"A canza ƙafafun."

"Ta kai har mazaunin. In na cire ƙusa ɗaya, a hannuna za ta zube. Bari in yi maka sabuwa irinta sak, ai na san aikin babana."

"Sabuwa za ta yi ƙara irin tata?"

Badaru ya jawo guduma. Ya buga mata 'yan ƙusoshi a inda suka samu abin kamawa, ya ɗaure ƙafafun baya da waya ta ciki inda ido ba zai gani ba. Da zai hau babur ya ce, "Hula za ta iya ɗauka, Baba. Mutum kam, don Allah kada ka bari."

Marigayiyar ta ɗauki ciwonta da dattako. Ba ta karkace fiye da yadda aka bar ta ba, ba ta dusashe ba. Wanda bai sani ba cewa zai yi ta fi 'yar'uwarta lafiya.

A makon jiya Tahira ta bugo waya. An yi haihuwa a gidan ƙanin Sama'ilu, ranar Laraba suna, za ta zo da shi ya ga dangi, in an gama za ta biyo da shi su gaisa. Ta ƙara da cewa, "Baba Mala, kada ka sa rai da yawa. Ni ma wani lokacin sunan innarsa yake kira na da shi." Mala ya ce ya ji. Bai ji ba. Ya share gindin darbejiya har sai da ƙasa ta yi santsi, ya yayyafa ruwa, ya shafe marigayiyar da sauran man da yake tattali. Niyyarsa, kuma Allah ne shaida, Sama'ilu ya gan ta kawai, ya dafa ta, a zaunar da shi a kan ta Mala.

Bayan la'asar mota ta tsaya a bakin hanya. Tahira ta fito da shi tana riƙe da hannunsa. Ya tsaya yana kallon gonakin gero da suka kewaye gidajen, yana kallon bishiyar. Sai ya zame hannunsa daga nata. Bai dubi Mala ba. Ya taho kai tsaye, ya kauce wa saiwar nan da ta fito waje wadda baƙo ke tuntuɓe da ita, ya juya, ya tattare rigarsa ta baya yadda ya saba. Mala ya buɗe baki zai hana.

Ƙiii.

Bakin Mala ya rufe. Ya lallaɓa ya zauna a tasa. Tahira da Larai suna tsaye a bakin zaure, ba wadda ta san abin da Badaru ya faɗa. Sama'ilu ya shafa hannun kujerar, ya shafa, ya sunkuya ya sansana yatsunsa. Fuskarsa ta saki. Ya kalli hanya kamar yadda ya kalle ta shekara da shekaru. Iska ta kaɗa, kurciya ta yi kuka a sama. Mala bai yi motsi ba, yana jira a waiwayo.

Sama'ilu ya jingina ya miƙe ƙafafu. Marigayiyar ta fara gurnaninta, gurrr, amma ba ta kai ƙarshensa ba. A tsakiya muryar ta karye. Ƙafafun baya suka lanƙwashe, na gaba suka bi, ba da faɗuwa ba, a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa a sauke kaya. Ta ajiye tsohon a ƙasa a zaune, ko ƙwarzane bai yi ba, sannan ta buɗe ta kowane gefe, jar ƙasa da garin katako suka zubo. Wannan ne aikinta na ƙarshe, kuma ta yi shi da kyau.

Tahira ta yi salati ta rugo. Mala ya riga ta, gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa suka lanƙwasu, ya tsinci kansa durƙushe yana riƙe da kafaɗun abokinsa. Sama'ilu dariya yake yi, dariyarsa ta da, har da buga cinya. Ya ɗebi garin katakon ya murza a tafin hannu. Sannan ya ɗago ya dubi Mala ido cikin ido.

"Malam, kujerarka ta mutu."

"Ta mutu," in ji Mala.

"Sakaci ka yi. Gara ce. Ba a barin ƙafar kujera a ƙasa." Ya karkaɗe hannu, ya matso kamar mai ba da sirri. "Ina da wani aboki, Mala sunansa, Babarbare ne amma mutumin kirki. Da a hannunsa take da ba ta lalace ba. Kai masa ita. Ka san shi?"

Larai ta juya ta shige zaure. Tahira ta sa bakin mayafi ta rufe fuska. Mala ya gyaɗa kai.

"Na san shi."

"Yana nan lafiya?"

"Yana nan. Yana gaishe ka."

"Allah sarki, Mala. Matarsa ta rasu, ka sani? Shi kaɗai ne a gidan. Ka riƙa leƙa shi, ba ya faɗa in abu yana damunsa." Ya kama hannun Mala ya riƙe gam. "Mutumin nan, ba wanda ya san shi kamar ni. In ka zo gidana zan ba ka labarinsa tun daga farko. Za ka zo?"

"Zan zo."

Aka ɗaga shi, aka karkaɗe masa riga, aka sa shi a mota. Ya ɗago hannu ta taga yana cewa, "Sai an jima, Malam, na gode da karamci." Mala ya tsaya a bakin hanya har motar ta sha kwana a bayan gonar dawa. Da ya dawo bai taɓa gawar ba, ya zauna a gefenta har aka kira magariba.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yar'uwarta tagwai, wadda Badaru ya zo ya ƙwanƙwasa ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai tun ranar Laraba ba a ji ta ce komai ba. Ta bar tsumma ɗaya da ya tsufa a hidimarta, da kwalbar mai da ta kusa ƙarewa, da darbejiyar da ta yi mata inuwa, da kurciyoyi masu yawa da yanzu sai sun nemi wani wurin. Ta bar ramuka huɗu a ƙasa, waɗanda ruwan farko zai cike. Ta kuma bar Mala Bunu.

Ba za a ce Allah ya jiƙanta ba, don itace ba shi da hisabi. Wanda ya yi niyyar addu'a, ya yi wa Falta, ya yi wa kafintan da ya ƙera ta, ya roƙa wa Sama'ilu sauƙi. Idan akwai wanda marigayiyar ta ɓata wa, musamman waɗanda aka hana zama a kanta, iyalai suna roƙon a yafe. Ba ita ta hana ba.

Game da jana'iza: ba wanka, ba salla. Mala ya so a binne ta a inda ta faɗi, Badaru ya ce in aka yi haka an yi wa gara shimfiɗa ke nan, 'yar'uwar ce za ta biyo baya. Don haka ranar Juma'a da safe Larai za ta sa ta a murhu, a ƙarƙashin tukunyar kunun gyaɗa, a raba kunun sadaka ga duk wanda ya miƙo kwano. Za a karɓi gaisuwa ranar Alhamis da ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gida. Mai zuwa ya taho da tabarmarsa. Ba a bukatar goro ko wani abu, ko mutum bai san mamaciyar ba yana iya zuwa.

Ranar Asabar ba za a samu kowa a gida ba, wanda ya zo ya tarar da zaure a rufe ya yi haƙuri. Mai makoki zai bi motar farko ta Kano, ya sauka a Bacirawa. Ya riga ya gaya wa Tahira kada ta wahalar da mahaifinta da bayani, in ya shigo ta ce baƙon nan ne na rannan, wanda ya san Mala. An yi masa alkawarin labarin mutumin tun daga farko, kuma yana so ya ji.